Taswirar Cin Sukari a Ƙwaƙwalwa da Tsofaffin Tandjouaré

A gidaje da yawa na arewacin Togo labarin iri ɗaya ne. Tsoho ya fara ɓacewa a hanyar kasuwar da ya shekara arba'in yana bi, ko kuwa hannunsa ya kama karkarwa yana zaune bai ɗauki komai ba. 'Ya'ya su yi karo-karo, a ɗauko shi daga Tandjouaré zuwa babban asibitin Dapaong, daga nan a tura su Kara ko Lome a yi hoton kai. Takarda ta fito: ba ƙari, ba zubar jini, sai 'yar motsewa irin ta shekaru. A dawo gida a ce ai likita ma ya duba bai ga komai ba, abin ba na asibiti ba ne. Daga nan sai rubutu da hayaƙi, wani lokaci har a fara nuna wata tsohuwar unguwa da baki.

Takardar ba ta yi ƙarya ba. Sikana da MRI na yau da kullum siffar ƙwaƙwalwa suke ɗauka, girmanta da kaurinta da inda ta fashe ko ta toshe. Su kuwa cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, irin su Alzheimer mai kawo gigin tsufa da Parkinson mai kawo karkarwa da nauyin jiki, kan daɗe suna ɓata aiki kafin su taɓa siffa yadda ido zai gani. Akwai wani hoto daban, mai suna PET, da ke kama wannan ɓarnar, ta hanyar auna yawan abincin da kowane sashe na ƙwaƙwalwa yake ci. A shekaru arba'in ɗin nan masana sun wuce nan, sun koma tambayar wane sashe ne cinsa ke tafiya tare da na wane. Amsar da suka samu ta sauya yadda ake fahimtar waɗannan cututtuka, kuma tana da abin da za ta faɗa wa mutanen da ba su taɓa ganin na'urar ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana lashe kusan kashi 20 cikin 100 na makamashin jiki. Abincinta gulukos ne, sukarin da ke yawo a jini, kuma ba ta da wani rumbun kirki da take ajiya, abin da take buƙata yanzu shi take ɗiba yanzu. Mafi yawan abin da take ci yana ƙarewa ne a mahaɗar jijiyoyi, inda wata ƙwayar jijiya ke miƙa saƙo ga wata. Ke nan wurin da saƙo ke yawan isa shi ya fi ci, wurin da saƙo ya daina isa kuwa cinsa zai ragu ko da ƙwayoyinsa suna nan da rai.

Louis Sokoloff na cibiyar binciken lafiya ta Amurka shi ya kafa hanyar auna wannan a kan dabbobi, ya wallafa ta a 1977. Dabarar ita ce a yaudari ƙwayar halitta da wani abu mai kama da sukari. A ɗakin binciken Brookhaven an liƙa wa irin wannan sukarin na bogi sinadarin fulorin-18, aka sami abin da ake kira FDG, kuma a watan Agustan 1976 Abass Alavi ya yi wa mutum allurarsa karo na farko a Jami'ar Pennsylvania. Ƙwayar jijiya tana haɗiye shi kamar gulukos na gaske, ta fara sarrafa shi, sai ya maƙale a mataki na farko, bai ƙone ba, bai fita ba. Yana nan a maƙale fulorin ɗin ke sakin wani ɗan ƙwayar zarra da ke karo da wata ƙwayar lantarki da ke kusa, su rikiɗe su zama haske biyu da ke fita gaba da baya a layi ɗaya. Zoben na'urar PET ya kama su biyun, kwamfuta ta lissafa inda suka fito.

Yadda ake shirya mai jinya yana nuna irin laushin abin da ake aunawa. Zai yi awa huɗu zuwa shida bai ci komai ba, a soki yatsa a duba sukarinsa, a kwantar da shi a ɗaki mai duhu-duhu. Ba magana, ba karatu, ba waya, ba tauna. Bayan allura ya yi shiru na rabin awa ko fiye, sannan a shigar da kansa zoben na minti goma zuwa ashirin. In ya yi ta hira da jikansa a wannan rabin awar, sashen magana zai haska, hoton ya gurɓata. In sukarin jininsa ya hau, na gaske zai yi gasa da na bogi, har a ga dushewa a wuraren da Alzheimer kan taɓa alhali babu ita. A ƙasar da masu ciwon sukari da yawa ba su san suna da shi ba, wannan ba ƙaramin tarko ba ne.

Abu na farko da hoton ya bayar shi ne kowace cuta da irin sawunta. A Alzheimer, gefen kai ta sama da kunne zuwa baya da wani sashe na tsakiya can ciki su ke dushewa. A gigin da ke fara sauya hali, inda dattijo mai kunya ya koma mai ɓaro magana da rashin ta-ido, goshi ne ke dushewa. A gigin Lewy, mai sa a riƙa ganin mutane ko dabbobi da babu su, dushewar kan kai har ƙeya, wurin gani. Tun 2004 inshorar lafiyar tsofaffi ta Amurka ta amince ta biya kuɗin wannan hoto don bambance Alzheimer da gigin goshi. Wannan ba a cika jayayya a kai ba.

Inda magana ta yi zurfi shi ne batun alaƙa. A 1984 Barry Horwitz da abokan aikinsa suka ɗauki hotunan mutane masu lafiya, suka duba: in sashe kaza ya ci da yawa a wannan mutum, sashe kaza ma yana bin sa? In ya ragu a wancan, shi ma yana raguwa? Inda biyu ke hawa da sauka tare a cikin jama'a, sai suka ce akwai alaƙar aiki a tsakaninsu. A 1987 suka nuna cewa a masu Alzheimer wannan tafiya tare tsakanin goshi da saman bayan kai ta yi rauni.

Bahaushen wannan yanki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin tarihin zamansa a Togo ma tarihin hanya ne. Fataken goro daga Kano zuwa Gwanja suna da hanya ta Sansanne-Mango, suna da wata ta Djougou da ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didaouré ta Sokodé ta bunƙasa. A ce mutum bai taɓa ganin ayari ba, amma ana kawo masa lissafin hatsin da aka ci a kowane zango shekara-shekara. Zai lura cewa duk shekarar da aka ci da yawa a Mango, an ci da yawa a Yendi da Salaga, sai ya ce waɗannan suna kan hanya ɗaya. Bayan Turawan Ingila sun ƙona Kumasi a 1874 goro ya fara kauce wa Salaga, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta, fatake suka karkata zuwa Kintampo da Kete-Krachi. Zangon da ke nesa, wanda ba a harba ko kibiya ɗaya a cikinsa ba, tukunyarsa ta yi sanyi, wani zangon kuwa da ba a san da shi ba ya cika ya batse. Mai lissafin hatsi zai ga duka biyun.

Haka abin yake a ƙwaƙwalwa. Heiko da Eva Braak sun nuna a 1991 cewa dunƙulen furotin tau na Alzheimer yana fara taruwa ne a can cikin gefen kai, kusa da ma'ajiyar tunawa. Amma da Satoshi Minoshima ya duba masu cutar a farkon farawarta a 1997, wurin da ya fi dushewa wani sashe ne na tsakiya ta baya, nesa da inda ɓarnar ta soma. Ɗaya daga dalilan shi ne saƙon da yake samu daga wancan wurin ya ragu. A 2001 Marcus Raichle ya bayyana cewa wannan sashe cibiya ce ta wani rukunin sassa da ke aiki tare lokacin da mutum ya yi zugum yana tuna jiya yana saƙa gobe. A 2009 William Seeley ya nuna cewa cututtuka daban-daban na gigi kowace tana bin rukuni guda da ke nan tun mutum yana lafiya. Ma'ana cutar ba faɗuwa take ko'ina kamar ƙanƙara ba, layin da saƙo ke bi shi take bi.

A Parkinson ne aka fi cin moriyar wannan tunani. David Eidelberg da tawagarsa a Amurka, tun farkon shekarun 1990, sun tace wani zane guda daga hotunan masu cutar: wasu sassa na can ciki da gindin ƙwaƙwalwa da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya suna ci fiye da ƙima, wasu sassa na sama masu tsara motsi suna ci ƙasa da ƙima, kuma duka suna tafiya tare. Abin da ya sa wannan ya fi sauran amfani shi ne ana iya ɗora zanen a kan hoton mutum ɗaya a ba shi maki. Makin yana hawa yayin da taurin jiki da nauyin motsi ke ƙaruwa, yana sauka in an ba da maganin lebodofa ko an dasa wayar da ke zaburar da can cikin ƙwaƙwalwa. Karkarwar da jama'a suka fi sanin cutar da ita ma ba wannan zanen take bi ba, tana da nata. Ruɗewar tunani da kan biyo baya ita ma da nata, kuma lebodofa ba ya taɓa shi sosai, abin da ke bayyana dalilin da tsoho zai samu sauƙin tafiya amma mantuwarsa ta ci gaba.

A 2010 wannan tawaga ta wallafa bincike kan mutum 167 da likitoci ba su tantance wace irin cutar taurin jiki ke damunsu ba. Kwamfuta ta raba su gida uku, Parkinson ta ainihi da wasu 'yan uwanta biyu masu saurin kayar da mutum da ba sa jin lebodofa sosai, kuma da aka bi su shekaru aka ga inda ta ce cuta kaza ce, fiye da sau tara cikin goma haka ne. An sake samun zanen a Holan da Sin da Indiya da Sulobeniya, da na'urori daban-daban. A kimiyya, abin da ya maimaitu a hannun wasu shi ake riƙewa.

Sai dai a nan ya kamata a ja linzami, domin hotunan da ake bugawa a mujallu, masu jajayen layuka da shuɗaye suna haɗa ɗigo da ɗigo, suna da saurin ruɗar mai kallo. Ba wanda ya ga waɗannan layuka a cikin kai. Hoton FDG na al'ada guda ɗaya ne ga kowane mutum, lamba ɗaya ga kowane sashe, kuma ba a iya fitar da tafiya tare daga lamba ɗaya. Sai an tara mutum ashirin ko hamsin kafin a ja layi, don haka layin na taron ne, ba na Malam wane ba. Kuma zango biyu na iya yin sanyi a shekara ɗaya saboda fari ya game ƙasa, ba don hanya ta haɗa su ba. Shekaru, hawan sukari, magungunan barci, irin na'urar, har yadda aka daidaita lissafi, duk suna iya sa sassa biyu su yi kamar suna tare. Tun 2014 aka fito da wata hanya ta ɗura FDG a hankali ana ɗaukar hoto a jere, don a ga hawa da sauka a cikin mutum guda, kuma masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun yi nisa a kai. Abin da ake gani shi ne taswirar mutum guda ba kullum take dacewa da taswirar taro ba. A ganina, makin zanen cuta ya cancanci a kira shi kayan aikin likita, taswirar layuka kuwa har yanzu kayan ɗakin bincike ce, kuma duk mai sayar da ita a matsayin ganewar ciwon mutum ɗaya ya yi azarɓaɓi.

Akwai bincike ɗaya da ya kamata a karanta shi a Sokodé da Dapaong kafin ko'ina. A 2017 Daniela Perani ta wallafa sakamakon mutum 85 masu Alzheimer a arewacin Italiya, 45 daga cikinsu 'yan yankin Bolzano masu Jamusanci da Italiyanci tun tasowa, 40 masu harshe ɗaya. Masu harshe biyu sun girmi sauran da kimanin shekara biyar, kuma dushewar ƙwaƙwalwarsu ta fi muni, amma duk da haka hankalinsu bai fi na sauran lalacewa ba. Alaƙar sassan da ke kula da tsara tunani ta fi ƙarfi a wurinsu. Kafin nan, a 2013, Suvarna Alladi ta duba mutum 648 a Hyderabad ta Indiya, ta ga masu harsuna biyu ko fiye gigin ya zo musu a makare da kimanin shekara huɗu da rabi, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Masana ba su gama yarda ba, domin binciken da ya bi mutane tun suna lafiya bai cika samun wannan tazara ba. To ina aka fi dacewa a warware gardamar? 'Yar kasuwar Dapaong kan yi ciniki da Mobanci da Hausa da Mosanci kafin azahar, ta ƙara da ɗan Faransanci. A Sokodé ga Tem ga Hausa ga Kabiye. Jama'ar da ta fi kowa cancantar wannan tambaya ba ta cikin taswirar.

Wannan rashi ba na ado ba ne. Makin da ake ba mai jinya ana auna shi ne da hotunan masu lafiya, kuma waɗannan kusan duk daga Turai da Amurka da gabashin Asiya suke. Alhali duk lokacin da aka duba Afirka ta Yamma da kyau ana cin karo da abin da ba a zata ba. Binciken Ibadan da Indianapolis, wanda Hugh Hendrie da Adesola Ogunniyi suka yi fice a cikinsa tun 1992, ya sami gigin tsufa a kashi 2.29 cikin 100 na tsofaffin Yarbawa, da kashi 8.24 a baƙaƙen Amurka. A Zariya, binciken da aka wallafa a 2011 kan tsofaffi 322 ya sami kashi 2.79. A 2023 kuma wani bincike da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson, wanda yake da yawa a 'yan Afirka ta Yamma kuma da wuya a same shi a Turawa. In gadon ya bambanta, hawan jinin da ba a kula da shi ba ya yi yawa, ba hujja ba ce a ɗauka zanen zai zo daidai sak ba tare da an gwada ba.

Me ya hana a gwada? Agogo da hanya. Fulorin-18 yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan minti 110. Ba a saye shi a ajiye, sai an ƙera shi da safe a wata na'ura mai suna saikulotiron, mai tsada da son wuta marar yankewa. Daga Lome zuwa Dapaong sama da kilomita 600 ne a kan babbar hanya ta ɗaya. In tafiyar ta ci awa goma, abin da zai isa bai kai kashi 3 cikin 100 na abin da aka ɗauko ba. Ko Sokodé, mai kimanin kilomita 340, rabin-rabi zai ci kason sau da dama. A arewacin Togo babu PET. Akwai irin na'urorin a Akara da Legas, sai Abuja inda aka buɗe wata babbar cibiya mai saikulotiron a 2025, kuma jerin masu jiransu masu ciwon daji ne, waɗanda hoton ke yanke musu hukuncin magani nan take. Ba na ganin laifin wannan fifiko. Ga Alzheimer, gwajin jini mai auna furotin tau, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farkonsa a 2025, ya fi kama da abin da zai iya isa Dapaong, domin jini ana iya daskarar da shi a aika.

Amma ilimin da na'urar ta samar ba ya narkewa a hanya. Misali mafi kusa shi ne barci. Akwai masu yin faɗa a mafarki da gaske, su kai naushi, su yi ihu, su faɗo daga gado, matar ta tashi da kumburin ido. An ga zanen Parkinson ya fara bayyana a hoton irin waɗannan tun ba su fara karkarwa ba. Wani babban bincike na 2019 da ya bi mutum 1,280 da aka tabbatar suna da wannan matsala ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 sun kamu da Parkinson ko gigin Lewy ko 'yar uwarsu cikin shekara 12. Tambayar matar gida yadda maigida yake barci ba ta buƙatar wutar lantarki. Haka tambayar ko ya daina jin ƙanshin miya, ko bayan gida ya daɗe yana yi masa wuya, ko hannu ɗaya ya daina lilo in yana tafiya. Tsohon da ke ganin yara a ɗaki da babu su, yau garau gobe a ruɗe, a yi hattara da ba shi magungunan tabin hankali irin su haloferidol, domin masu gigin Lewy suna iya sandarewa da su har ta kai ga halaka. Wannan sani kaɗai ya isa ya ceci rai a ƙaramin asibitin ƙauye.

Tandjouaré ƙasar noma ce, kuma auduga na cikin abin da ake shukawa, ga feshi da ake yi ba safa ba takunkumi. Tun 2012 Faransa ta sa Parkinson a jerin cututtukan sana'a ga manoman da suka daɗe suna ta'ammali da magungunan feshi. A tsallaken iyaka kuma, a Gambaga ta Gana, har yau akwai sansanin matan da aka kora da zargin maita, kuma tsohuwar da ke yawon dare tana kiran matattu da suna ita ce ta fi saurin faɗawa irin wannan zargi. Ƙungiyar Alzheimer ta duniya ta ƙiyasta masu gigin tsufa a Afirka kudu da Sahara sun kai miliyan 2.13 a 2015, kuma za su haura miliyan 7.6 a 2050.

Ga hukumomin lafiya na Lome da jami'o'in Kara da Kano da Zariya, abin da ya dace shi ne su nemi a ware wa ƙwaƙwalwa wani kaso na lokacin na'urorin Akara da Legas da Abuja, a tara hotunan tsofaffinmu masu lafiya da marasa lafiya, masu harshe ɗaya da masu huɗu, kafin a fara auna mu da ma'aunin wasu. Kafin wannan ya samu, a sa lebodofa da maganin hawan jini a kantunan asibitocin Dapaong da Sokodé ba yankewa, a koya wa ma'aikatan jinya waɗancan tambayoyi. Ku kuma masu tsoho a gida, in takardar hoto ta ce ba a ga komai ba, ku koma wurin likita ku ba shi labarin barci da tafiya da halin tsohon dalla-dalla, ku nemi a tura ku wurin likitan jijiyoyi.